Kananzir a Kofin Madam

Ni dai ban taɓa kai giya bakina ba, kuma in sha Allahu haka zan koma ga Mahaliccina. Amma an taɓa naɗa ni alƙaliyar wata kwalba a birnin Alƙahira, na kuma yanke mata hukunci da bakin nan nawa a gaban masu ita.

Daga Damagaram muka zo, ni da Malam, maigidana. Shi karatu ya kawo shi, a babbar jami'ar addinin nan ta unguwar Darrasa, ni kuma biyo shi na yi da tukwanena. Muka kama ɗan gida a Hadayek el-Maadi, can hawa na sama, inda sai ka tsaya ka huta a hanya kafin ka kai ƙofa. Karatun Malam irin wanda ba ya ƙarewa ne. In ya gama littafi sai a ce ai akwai sharhinsa, sharhin ma yana da nasa sharhin. Da na ga sharhi ba ya shiga tukunya, sai na fita neman aiki. Ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, makarantar bokonmu, shi ya kai ni gidan Madam.

Madam tsohuwa ce 'yar Masar, Kirista, daga irin gidajen nan na da masu yin Faransanci a falo, su ajiye Larabci don mai gadi da mai kayan miya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗa ɗaya gare ta, injiniya, yana zaune a Kanada. Ita kaɗai take rayuwa a wani tsohon bene a Maadi, cikin itatuwa, gidan da aka kawo ta tana amarya. Ba ta da tsawo, ba ta da jiki, duk abin da Allah ya rage mata a nan ya mayar mata a baki. Ranar da na fara aiki ta leƙo kicin, ko murfin tukunya ba ta ɗaga ba ta ce na cika tafarnuwa. Na ce tafarnuwar Masar ce ba ta da kunya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce gobe in zo da wuri.

Tun farko na kafa mata sharaɗi, ba na taɓa kwalabenta, ba na wanke kofunan da take shan abin da su. Ta ce dama wa zai bar hannun da ke yanka albasa ya taɓa masa kofi? Haka muka zauna, kowa yana ganin shi ya ci.

Hancin Madam shi ne abin taƙamarta. Daga falo take sanin madara ta kusa zuba, daga ƙofa take sanin mai kifi ya haɗa mana da na jiya. Sai cutar nan da ta kulle duniya ta zo ta kwantar da ita. Ta tashi, amma hancin bai tashi ba, kuma ta ɓoye har gare ni. Wata safiya na buɗe ƙofa, warin gas ya dake ni har sai da na ja baya. Na kutsa kicin ina salati. Ga Madam zaune a kan kujera da jaridarta, ta kunna murhu za ta dafa gahawa wutar ta mutu, tukunyar gas tana ta huci, ga kwalin ashana a gefen hannunta. Na kashe, na wage tagogi.

"Lafiya, ya binti, 'yata? Me ya same ki?" in ji ta.

Ni ma ake tambaya me ya same ni! Sai da ta ga hawaye a idona sannan ta ninke jaridar. Ta ce tun da ta tashi daga ciwon ba ta jin ƙamshi, ba ta jin wari, abinci kuwa kamar auduga take taunawa. Ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Kar ɗana ya ji."

Na san dalili. Injiniya ya daɗe yana so ya ɗauke ta. Ya samo mata wani gidan tsofaffi a can, yana ta turo hotunansa a waya, ɗaki fari fes, ga taga, ga ƙanƙara a waje, ga wasu tsofaffi suna murmushi kamar an tilasta musu. Hujja kawai yake nema ta cewa ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Ita kuwa ta ce a gidan nan ta shigo da ƙafarta, a nan za a fitar da ita a kwance. Ni da na san abin da ake nufi da barin gida, ban iya ce mata ba ta da gaskiya ba. Na ja bakina na tsuke.

To, ga maganar kwalba. A ƙasan wata durowa, a ɗakin da rana ba ta shiga, akwai kwalbar farar giyar inabi kwance a kan haƙarƙarinta, an naɗe ta da tsohuwar rigar sanyin marigayi. Shi ya sayo ta a tafiyarsu ta ƙarshe Faransa, can wajen iyakar Jamus, ya ce a ajiye sai ranar da Madam ta cika tamanin. Bai ga ranar ba. Kwalbar nan ta fi ni gata a gidan. Ni ba a taɓa tambayata ko ina jin zafi ba, amma ita in bazara ta matsa har leƙa ta ake a ga ko tana lafiya.

Da tamanin ɗin ta ƙarato, injiniya ya sauka da akwatunansa da idonsa. Ashe mai gadi, Allah ya saka masa da abin da ya dace da shi, ya riga ya tsegunta masa cewa an taɓa jin warin gas a benen. Saboda haka ya shiga gwada uwarsa kamar wanda zai sayi akuya. Ya shafo wani turare ya zo ya tsaya mata a ka, wai ko ta gane sabo ne? Na gifta da tire ina mita da ƙarfi, wa ya cika mana falo da warin ɓawon lemo? Madam ta yamutsa fuska ta ce lemon ya yi masa yawa, ya bar wa samari. Muka tsallake wannan.

Kwalbar ce ba ta tsallakuwa. Al'adar gidan tun marigayi yana raye, duk kwalbar da aka buɗe Madam ke fara shinshinawa, ta kurɓa, ta yanke hukunci, sannan kowa ya sha. In ta yabi lalatacciya, ko ta kushe mai kyau, shi ke nan, asiri ya tonu. Kuma giyar da ta daɗe haka, in ji ta, ba mai sanin halin da take ciki sai an buɗe.

Ta same ni ina gyaran molokhiya, lalon Masar, ta ce, "Hancinki nake so ki ara mini."

"Madam, ni? Ina na san warin giya mai kyau? Ni duk ɗaya nake jin su, kamar gasarar da ta kwana."

"Ba sai kin sani ba. In kin ji abin da ba za ki yarda ya shiga tukunyarki ba, ko tsamin khal, wato binega, ko warin tsumma mai danshi, ko dai wani mugun abu, ki yi tari. In lafiya take ki yi shiru. Sauran ki bar mini."

Da yamma na kai wa Malam maganar, don ni ba na yin abu a ɓoye. Ya ajiye cokali, ya shafa gemu, idonsa ya kawo haske. In kana so ka faranta ran ɗalibin fiƙihu, kar ka ba shi nama, ba shi mas'ala. Ya ce wannan ba abin gaggawa ba ne, sai ya bincika. Ya ɗauki hancina ya kai Darrasa, aka baje shi a teburin mai shayi tsakanin abokan karatunsa, da 'yan Kano da 'yan Maraɗi da wani ɗan Sudan, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Mai hancin dai ba wanda ya neme ta.

Ya dawo da fatawarsa yana ƙirga mini da yatsu. "Ba za ki sha ba, ba za ki ɗauka ba, ba za ki miƙa ba, ba za ki zauna a teburin ba."

"Malam, ni da ba a taɓa yi mini tayin kujera a teburin ba?"

"Ki bari in gama. Sai wari. Shi wari iri biyu ne. Akwai wanda ya zo ya same ki kina harkar gabanki, wannan ba laifinki. Akwai kuma wanda kika tashi da ƙafarki kika je masa. Wannan ki nisance shi."

"To in na tsaya a inda na san zai biyo fa?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ba mu kai nan ba."

"Khalas, shi ke nan," na ce, "kar ku kai."

Ranar Lahadi ce, da rana, bayan sun dawo daga coci. Na gasa kifi, na jera komai, sannan na jawo fanka mai tsayuwa na dasa ta a bayan kujerar injiniya, na juya fuskarta ta bi ta kan tebur ta nufi ƙofar kicin, inda zan tsaya ina harkar gabana. Ya ce iska tana dukan ƙeyarsa. Na ce don ƙudaje ne. Ya waiga bai ga ƙuda ko ɗaya ba, na ce ai ka ga tana aiki.

Aka ɗauko kwalba. Ban taɓa ganin an karɓi jariri da irin wannan lallaɓawa ba. Injiniya ya goge ta, ya karanta rubutun jikinta da ƙarfi kamar mu ba mu yi shekaru muna kwana muna tashi da ita ba, ya shiga murɗa ɗan iccen da ya toshe bakinta a hankali, yana cije leɓe. Ashe a Kanada har makaranta ya shiga ta koyon shinshina giya. Makaranta guda, da malami da jarrabawa! Ya tsiyaya kaɗan a kofin uwarsa, ya ɗaga shi saitin taga. Wai fara. Ni dai abin da na gani ruwan ɗorawa ne sosai, kamar narkakken man shanu. Ya ajiye mata, ya harɗe hannu, ya zuba mata ido.

Madam ta kama ƙafar kofin tana jujjuya shi, tana ja mini lokaci. Fanka ta yi aikinta. Warin ya taso, ya ratsa ta kan kifi, ya zo ya same ni har inda nake, ban taka ko'ina ba.

Kananzir! Wallahi tallahi kananzir, irin na risho, irin na fitilar ƙwai. Ni za a gaya wa kananzir? A gidanmu uwata ta taɓa zubar da ƙwaryar gari guda don kawai ta kwana kusa da galan ɗinsa. A wurinmu abincin da ya taɓa kananzir ya tashi daga abinci, ko kaji ba a ba su. Na yi tari. Na ƙara don kar a ce ba a ji ba.

Na ga kafaɗun Madam sun sauka. Tausayinta ya kama ni, shekara da shekaru tana renon abu, ashe mushe take reno. Amma jaruma ce, ta haɗe rai, ta fara yatsina hanci, tana shirin cewa ta lalace. Sai kuma na ga ta ɗaga kofin ta nufi baki da shi. Na manta shaf cewa sai ta kurɓa kafin ta yi magana. A unguwarmu na ga yadda aka yi da wanda ya sha kananzir bisa kuskure, ban kuma so in sake gani ba. Tari da dabara da fatawa duk suka fice mini daga ka.

"Madam, kar ki sha! Kananzir ne, wallahi kananzir suka sayar wa marigayi!"

Injiniya ya juyo yana kallona. Na ce a raina shi ke nan, na kai matar nan Kanada da bakina.

Kofin ya tsaya a leɓen Madam. Na ga wani abu ya gifta a idonta. Yatsinar da ta fara ta narke, ta koma dariya. Ta tura mataccen hancin nan cikin kofi, ta ja numfashi mai tsawo, ta lumshe ido kamar mai jin wani abu.

"Ka ji ko?" ta ce wa ɗanta. "Har daga ƙofar kicin ta jiyo shi. Babanka ya faɗa tun a shagon, ya ce irin wannan inabin in ya tsufa da kyau sai ya yi warin kananzir. Ga shi nan kuwa, bai yi mini ƙarya ba."

Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Injiniya ya yi sauri ya zuba nasa, ya shinshina, sai ga idon ƙaton mutum ya ciko da ƙwalla. Ya ce haka ne, Mama, haka ne, ba ta mutu ba, tana nan da ranta. Sannan ya juyo gare ni da tausayi, irin tausayin da ake yi wa wanda bai je makaranta ba, ya shiga yi mini bayani cewa wannan warin shi ne alamar daraja, masana suna cin ƙasashe suna nemansa. Na ce ikon Allah, da na sani da na taho masa da galan guda daga Damagaram. Bai yi dariya ba.

Ya so ya ci gaba da jarrabawar. "Me kuma kike ji, Mama, bayan shi?"

"Kai, ka ƙyale ni da ubanka," in ji ta. "Yau ba ranar lacca ba ce."

Bayan an gama ya biyo ni kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya waya a hannu. Ya ce gaskiya da niyyar tafiya da ita ya zo, amma ya ga mai gadin nan baki ne da shi kawai, hancin Mama har yanzu ya fi nasa. Na ce tamam, madalla, ina ta dirzar tukunyar da ta riga ta fita. Ya kamata in ji daɗi. Abin da na tuna shi ne kwalin ashana a gefen hannunta.

Da la'asar ya fita gaida abokansa. Na fito kwashe kwanuka na tarar Madam ba ta tashi daga tebur ba. Kofin yana gabanta da ɗan ɗigo a ƙasansa, rigar sanyin marigayi tana kan cinyarta.

"Bayan kananzir, me kuma kika ji?" ta tambaye ni a hankali.

"Ba komai, Madam. Fanka ba ta kawo sauran ba."

Ta gyaɗa kai. "Ni ruwa na sha, ya binti. Ruwan sanyi kawai."

Ba ta roƙe ni komai ba, ta san sharaɗina. Ta ci gaba da shafa rigar da tafin hannu. Na tsaya da kwanuka a hannu, raina yana ƙuna, ban ma san da wa nake fushi ba. Na dire su. Na kashe fanka, na mayar da hannuwana baya don kar su taɓa komai, na sunkuya na sa hancina a bakin kofin.

Na ce mata kananzir ɗin yana nan, amma daga kusa ba shi da faɗa. A ƙarƙashinsa akwai zuma, ba ta shago ba, ta cikin saƙa, da kakinta. Akwai ɓawon lemon tsami da ya bushe a rana. Ta ce sai me? Na sake ja. Na ce akwai wani abu kamar sabon tulu, ranar da aka fara zuba masa ruwa. Ba ta gane tulu ba sai da na kwatanta mata da hannu, ta ce au, ulla, irin wadda marigayi yake ajiyewa a baranda don ya ƙi ruwan firiji. Ta ce in sake faɗa daga farko. Na sake. Hawaye suna bin kumatunta, ba ta share ba, ni ma ban ce ta share ba.

Da ta nutsu sai ta ce tafarnuwa ta yi yawa a kifin. Na ce da wane hancin kika ji? Ta ce da idonta ta ga yawan da na ɓare.

Nan na ja kujera na zauna, karo na farko a teburin, tun da an riga an kau da kwalbar. Na ce, "Madam, kin ci, kin zauna a gidanki. Yanzu ki ji nawa. Daga yau kan tukunyar gas, ƙarfen nan da ke haɗa ta da murhu, da ni zai riƙa kwana. In zan tafi in kwance shi in sa a jaka, in na dawo in ɗaura. Gahawarki ki dafa a butar lantarki. In kin ƙi, ni da kaina zan kira Kanada." Ta ce gahawar buta gahawar asibiti ce. Na ce ai ba ji za ki yi ba. Ta kira ni Fir'auna, ta ce a kawo butar.

A gida Malam yana jira, ko sallamata bai gama amsawa ba ya ce, "Ya zo miki, ko kin je masa?"

"Duka biyu."

Ya ajiye cokali. "To fa. Wannan sai na bincika."

"Bincika, Malam. In kun gama ku aiko mini."

Injiniya ya koma Kanada shi kaɗai, hotunan ƙanƙara suka daina zuwa. Madam tana nan a gidanta, tana kushe girkin da ba ta jin ɗanɗanonsa. Ni kuma kullum ina shiga jirgin ƙasa da guntun ƙarfe a jaka, masu binciken kaya a tasha har sun gaji da tambayata mene ne. Na san gas ba shi da hanyar fita, kan yana hannuna. Duk da haka kowace safiya, kafin in zura makulli, sai na tsaya na kara hancina a jikin ƙofar nan. Wannan warin kam da ƙafata nake zuwa nemansa, ban kuma tambayi kowa a Darrasa ba.